Kowa baƙo ne a wani gari

Nima da Maamobi unguwannin zango ne a Akra, babban birnin Gana. Hausawa, Zabarmawa, Fulani da Mosawa suna zaune a can tare. Da Hausa suke ciniki a kasuwa.

A shekarar 1969, gwamnatin Gana ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar ƙasar. Dubban mutane suka ɗaure kayansu, har da yaran da aka haifa a zango. Shaguna suka rufe, gonakin koko suka rasa ma'aikata. A 1983, Najeriya ita ma ta kori baƙi. Ƴan Gana kusan miliyan ɗaya suka koma gida da kaya a ka.

Kora ba ta amfani kowa ba. Wanda ya kori baƙo yau, gobe shi ne baƙo.

Haka yake a makaranta. Yaron da aka hana wasa saboda harshensa ko addininsa yakan tsani aji, har ya daina zuwa. Ɗalibin kirki yakan matsa wa sabon zuwa a benci, ya tambayi sunansa, ya kira shi wasa.