SHARHI: Sai an gama yanke hukunci ake neman kakaki

A ranar 3 ga Maris, 2023, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsofaffin takardun Naira 200, 500 da 1,000 za su ci gaba da aiki har zuwa ƙarshen Disambar shekarar. Sai da aka kwana 10 cur kafin Babban Bankin Najeriya ya buɗe baki ya umarci bankuna su bi hukuncin, shi ma bayan Fadar Shugaban Ƙasa ta fito ta ce Shugaba Buhari bai hana kowa bin umarnin kotu ba. A tsawon waɗannan kwanaki mai shago a kasuwar Wuse yana ƙin karɓar tsohon kuɗi, direban tasi yana ƙi, ma'aikaci kuma yana riƙe da kuɗin da kotu ta halatta amma ba ya iya sayen burodi da su. Bankin yana da sashen hulɗa da jama'a, yana da shafuka a intanet da miliyoyin mutane ke bi. Izinin magana ne sashen bai samu ba.

Duk wanda ya yi aikin yaɗa labarai a wata ma'aikata ya san wannan hali. Ana shirya manufa watanni, ana zama da lauyoyi da masu lissafin kuɗi, takarda ta je Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta dawo, sannan a kira Daraktan Yaɗa Labarai da yamma a ce ya rubuta sanarwa. Idan ƙura ta tashi washegari, shi za a tambaya me ya sa bai wayar da kan jama'a ba. Sauya fasalin Naira ma da irin haka ya fara: Godwin Emefiele ya sanar da shirin ranar 26 ga Oktoba, 2022, bayan kwana biyu Ministar Kuɗi Zainab Ahmed ta shaida wa sanatoci cewa ba a tuntuɓi ma'aikatarta ba. In har minista a kafafen labarai ta ji, ina ga jami'in da ke mataki na 12?

Tsarin aikin kansa yana da hannu a ciki. Jami'an yaɗa labarai na dindindin daga Ma'aikatar Yaɗa Labarai ake tura su sauran ma'aikatu, don haka sau da yawa baƙi ne a inda suke aiki. Minista kuma yakan zo da nasa hadimin, galibi tsohon ɗan jarida ko wanda suka yi yaƙin neman zaɓe tare. Hadimin ne ke da lambar wayar minista, jami'in ne ke da fayil da tarihin ma'aikata, kuma ba kasafai suke zama a teburi ɗaya ba. Cibiyar Hulɗa da Jama'a ta Najeriya, NIPR, wadda aka kafa a 1963 kuma doka ta ba ta ikon tsara sana'ar a 1990, ta daɗe tana kukan cewa ana naɗa waɗanda ba su yi rajista da ita ba. Kukan yana da tushe, sai dai takardar rajista ba ta shigar da kowa ɗakin da ake yanke shawara.

A kan wannan kuma ga dokoki biyu masu jan jami'in gabas da yamma. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 da ƙa'idojin aikin gwamnati sun koya masa kame baki. Dokar 'Yancin Samun Bayanai da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2011 ta ce a amsa wa mai neman bayani cikin kwana 7. Ma'aikaci ya san wadda saɓa mata ke jawo takardar tuhuma, don haka shiru ya fi masa sauƙi.

A da, shirun bai cika tsada ba. Sanarwa takan bi ta Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya, ta fito a labaran ƙarfe 9 na NTA, Rediyon Tarayya na Kaduna ya karanta ta da Hausa, gwamnati na da yini guda na numfashi. Yau hoton wasiƙa yakan zaga WhatsApp tun kafin ta isa teburin Babban Sakatare. Gwamnatin Buhari ta gwada toshe ƙofa a watan Yunin 2021, lokacin da ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaban Ƙasa. Abin dariyar shi ne a Twitter ɗin Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta wallafa sanarwar dakatarwar. Wata bakwai aka yi, jama'a suka ci gaba da shiga ta bayan gida, hukumomin gwamnati ne kawai suka rasa bakin magana har zuwa Janairun 2022.

Gwamnati mai ci ta ɗauki akasin wannan hanya, wato yawaita bakuna, kuma ita ma ta ga nata. A ƙarshen Mayun 2024 Bayo Onanuga ya sanar cewa Shugaba Tinubu zai yi jawabi ga zaman haɗin gwiwa na Majalisar Tarayya, Ajuri Ngelale ya fito a ranar ya ce labarin ba gaskiya ba ne, alhali dukansu daga fada ɗaya suke magana. Kafin nan, a Satumbar 2023, fadar ta sanar cewa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗage takunkumin biza nan take. Bayanin da ɓangaren Daular ya fitar bai ambaci haka ba, kuma sai a Yulin 2024 aka koma bayar da bizar. A Nuwambar 2024 aka ce Onanuga da Sunday Dare da Daniel Bwala su ukun ne za su riƙa magana da yawun gwamnati. Irin wannan tuntuɓe ba ya tsayawa kan wanda ya yi shi. Jami'in Ma'aikatar Lafiya da zai fito gobe ya ce rigakafi ba shi da illa, daga asusun amanar da aka riga aka taɓa yake cira.

Batun gyaran dokokin haraji ya fi kowanne nuna tsadar makara. An aika ƙudurorin Majalisa a farkon Oktoban 2024. Ranar 28 ga watan gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a Kaduna suka yi watsi da sabon tsarin rabon harajin VAT, wanda ya ware kashi 60 bisa inda aka samo harajin. Bayanin kwamitin Taiwo Oyedele ya fi yawa da Turanci, a gidajen talabijin da tarukan ƙwararru, yayin da muhawarar da ta tayar da hankali ke gudana da Hausa a rediyo, a majalisun unguwa, a huɗubobi da TikTok. Kafin bayani ya iso cikin harshen da ake gardamar, mutane sun riga sun tsayar da ra'ayi. Daga baya an sasanta, kason ya sauko zuwa 30, aka sa hannu a watan Yunin 2025. Tuntuɓar da ta kawo sulhu ita ce dai wadda da an yi ta a watan Satumba, da watanni ba su salwanta ba. Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa, NOA, magajiyar MAMSER, tana da ofis a ƙananan hukumomi 774, kuma ita aka fi mantawa da ita a lokacin da ake tsara irin wannan aiki.

Akwai lokacin da aka yi daidai. A 2020 Hukumar NCDC ƙarƙashin Chikwe Ihekweazu ta riƙa fitar da alƙaluman korona kowane dare, jiha bayan jiha, kwamitin Boss Mustapha kuma yana zama gaban 'yan jarida yana amsa tambaya. Mutane sun yi shakka, sun yi ba'a, amma kowa ya san inda zai duba da lokacin da zai duba, kuma masu bayanin su ne masu yanke shawarar.

Gyaran da ya fi kusa ba ya buƙatar sabuwar doka. Takardar da ake kai wa Majalisar Zartarwa takan bayyana kuɗin da manufa za ta ci. Sakataren Gwamnatin Tarayya na iya wajabta a ƙara shafi ɗaya da zai faɗi wanda manufar za ta taɓa, da harshen da za a yi masa bayani, da wanda zai amsa tambaya a ranar farko. Hakan kaɗai zai tilasta a gayyaci Daraktan Yaɗa Labarai tun ana rubutu. Su ma hadimai akwai abin lura a gabansu yayin da kakar zaɓen 2027 ke kankama: shafukan ma'aikatu za su fuskanci matsin komawa allon tallan ɗan takara. Minista da hadiminsa za su tafi idan wa'adi ya cika, jami'in dindindin ne zai gaji shafin, kuma da shi zai sanar da ambaliya ko ɓarkewar cuta a damina mai zuwa.