Kada Mu Bari a Yi wa Littattafan Kakanni Yankan Watanda

Jama'a, a saurara! Akwai wani ciniki da ke cin tarihi a ɓoye. Dillali ya sayi tsohon littafi rubutun hannu, ya warware ɗinkinsa, ya sayar da shi warƙa-warƙa, domin kuɗin warƙoƙin ya ninka na littafin sau da yawa.

Ku dubi abin da ya sami Shahnama ta Sarki Tahmasp, wadda aka rubuta a Tabriz ta ƙasar Iran a ƙarni na 16, ɗauke da zane 258. Ta shekara fiye da ɗari huɗu a haɗe. Wani attajirin Amurka, Arthur Houghton, ya saye ta a 1959, daga baya ya ɓalle ta, ya ba gidan tarihi na Metropolitan zane 78, wasu suka shiga kasuwa. A 2011 an yi gwanjon warƙa ɗaya tak a Landan kan fam miliyan 7.4. Wa zai iya tattaro littafin nan kuma? Haka Alƙur'anin nan mai rinin shuni da rubutun zinariya ya tarwatse, wasu warƙoƙi a Tunisiya, sauran sun bazu a duniya.

Namu ya fi shiga haɗari. Littattafan malamanmu na Kano, Katsina, Sakkwato da Agadas ba a ɗinke su, a tadarishi suke cikin gafaka, don haka mai ɓarna ko wuƙa ba ya bukata. Shafi mai zayyana zai zare, ko na ƙarshe, inda marubuci kan sa sunansa, wani lokaci har da shekarar da ya kammala. Da zarar wannan ya tafi, littafin ya zama maraya.

Ya ku magada, in an zo rabon gado kada a kasa littafi kashi-kashi! A yi masa kuɗi, mutum ɗaya ya riƙe. Duk wanda ya zo yana cewa "shafi biyu kawai nake so", a sallame shi da girma. Masu hali kuma ku daina sayen warƙa don ƙawata bango, kuɗinku ne ke ciyar da sana'ar. Wanda gara ko danshi ya fi ƙarfinsa, ya tuntuɓi Gidan Arewa a Kaduna, ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko sashen rubuce-rubucen Larabci da Ajami na Jami'ar Yamai. Limamai, ku faɗa a huɗuba. Matasa, ku ƙirga warƙoƙin gidanku, ku ɗauki hoton kowacce tun yau.