Zanzaro ba rina ba ne

Ɗan ginin lakar nan da kuke gani a bangon shago, gidan zanzaro ne, mai siririn ƙugu. Macen ke ginawa ita kaɗai, ta zuba wa 'ya'yanta gizo-gizo ko tsutsa, ta liƙe. Tana da ƙari, amma da wuya ta yi harbi sai an matse ta. Rina ce abin tsoro: gidanta a rataye yake kamar takarda, kuma taron dangi suke yi wa mutum.

Don Allah mu daina fesa fiya-fiya kusa da buhunan wake saboda zanzaro. A kankare ginin da wuƙa, ya isa. Gubar ta fi harbin illa. Allah Ya kiyaye mu.