Ba mai tallar alawa za mu kora ba

A taron iyayen yara da muka yi a lakwal ɗinmu farkon watan nan, wani uba ya miƙe ya ce a kori matan da ke sayar da alawa da biskit a bakin ƙofa. Wai sukari guba ne, haka ya ji a wata murya da aka turo masa ta waya. Aka yi ta tafi. Ni ban tafa ba, kuma da aka tashi na gaya masa dalilina. Ga shi ina maimaitawa a rubuce, tunda ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba.

Sukari ba guba ba ne. Duk wanda ya zauna Maradi a 2005 ya ga abin da ya tayar da yaran da tamowa ta kwantar: Plumpy'Nut, ɗan ƙunshin nan na gyaɗa da madara da mai da sukari. Ba bisa kuskure aka zuba sukarin ba. Yaro mai tamowa yana bukatar ƙarfi mai yawa cikin abinci kaɗan, kuma sai ya ji daɗi a baki yake yarda ya ci. Kakanninmu ma ba su ƙi zaƙi ba. Sun yi nakiya da alkaki da dakuwa, sun sha rake, sun ci zuma. Sai dai sun san ranar kowanne. Nakiya ta suna ce da gara, alkaki na biki da salla. Ba a taɓa jin uwar da ta tashi ɗanta da safe ta miƙa masa alkaki ta ce ya tafi gona ba.

To, abin da muke yi ke nan yau, sai dai da kuɗi muke yin sa. Yaro ya fito gida bai karya ba, an danƙa masa dala goma ko dala ashirin, an ce ya sayi wani abu. Ku gaya mini, yaro ɗan shekara bakwai, da kuɗi a hannu, ga ƙosai ga alawa mai launi da ƙanƙarar leda, wanne zai ɗauka? Mu manya ma da kyar muke fin ƙarfin kwaɗayinmu. A hutun ƙarfe goma ina tsayawa ina kallonsu. Harshe ya yi ja, ya yi kore, ciki kuwa ba komai. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya da rabi an fara hamma, wani ya kifa kai a tebur, ni kuma ina gaban allo ina ta fama da lissafin rabawa. Alawa takan kashe jin yunwa na ɗan lokaci, amma ba ta da abin gina jiki, ba ta da abin da ke ƙara jini, ba ta riƙe ciki. A ƙasar da rashin jini da tsumburewa suka yi wa yara katutu, babbar ɓarnar alawa ita ce gurbin abincin da ta zauna.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ba ta ce a daina shan sukari ba. A 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci, har da zuma da ruwan ƴaƴan itace da aka matse, kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini, in ya sauka ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga babba, kashi 5 ɗin nan kimanin giram 25 ne, ƙaramin cokali shida. Gwangwanin Coca-Cola na santilita 33 shi kaɗai yana da kimanin giram 35. Rabon yaro kuwa bai kai na babba ba. Zaƙin da ke cikin mangwaro ko goruba ko magarya da aka ci da ɓawonsu da tsokarsu ba ya cikin wannan lissafi. Ma'ana akwai wurin zaƙi a cimar mutum mai lafiya, amma wurin ƙarami ne, kuma bayan abinci yake.

Batun haƙori ma haka ne. Duk lokacin da sukari ya shiga baki, ƙwayoyin cutar da ke jikin haƙori suna cin sa su fitar da tsami, tsamin nan ke cinye haƙorin. Miyau yana bukatar lokaci kafin ya wanke shi. Yaron da ya ci alkaki guda bayan tuwo ya yi asuwaki ya fi tsira a kan wanda ya wuni yana tsotsar alawa ɗaya bayan ɗaya, ko da jimillar sukarinsu ta zo daidai. Na sha sallamar yaro gida da kumburarren kumatu, kuma iyayen da ke karkara sun san nisan da ke tsakaninsu da likitan haƙori.

Uban nan da ya ce guba, na san fadarsu. Shayi uku suke sha a zama ɗaya, sukari kuwa sai ya yi kauri kamar zuma. Da azumi kwalin sukari muke kai wa surukai, kuma ba wanda ya ce mun kai musu guba. A gida kunu da koko sai an zuba har cokali ya tsaya. Yaro yana ganin duk wannan. Sai mu bar butar shayi da kwanon kunu, mu je mu huce a kan bazawarar da ke neman na cefane a bakin ƙofar lakwal?

Mu malamai ma kada mu wanke hannu. Akwai a cikinmu masu shigowa aji da robar alawa suna sayar wa ɗalibansu, yaro ya saya don tsoro ko don neman shiga. Wannan kam a hana, yau ba gobe ba. Ni kaina na yi shekaru ina ba wanda ya ci tambaya alawa, ina koya wa yara da hannuna cewa zaƙi shi ne ladan ƙoƙari, tuwo kuwa aikin dole. Yanzu alli mai launi nake bayarwa, kuma rububinsa suke yi.

In aka kori matan nan, mai kanti na bayan katanga ne zai karɓi kuɗin, inda ba idon malami. Abin da zan kai gaban taro na gaba shi ne a zauna da su a yi yarjejeniya: da hutun ƙarfe goma ƙosai da awara da gyaɗa da dafaffen dankali da kwaɗon zogale za a sayar, alawa kuwa sai an tashi, lokacin da yaro zai je ya tarar da abincin rana. Iyaye kuma, ko ɗumamen tuwon jiya ne, ko fura ludayi biyu, a ba yaro kafin ya fito. Na riga na yi magana da biyu daga cikin matan. Ɗaya ta amince nan take. Ɗayar ta ce in fara tabbatar mata wa zai biya ta ƙosan da ya yi kwantai.