ZAUREN 'YAN MATA: Farar Riga ko Baƙa?

Wata ƙanwata 'yar aji biyar a sakandare ta aiko min da wasiƙa, wai Babanta ya dage sai ta zama likita, ita kuwa ranta yana kan aikin lauya, har abinci ta daina ci. Haba ƙanwata! Share hawayenki ki ci tuwonki, ki ji wani labari.

Na taɓa raka wata maƙwabciyarmu asibiti da tsakar dare, haihuwa ta zo mata da gardama, ga jini yana ta zuba. Aka ce ba mai taɓa ta sai an biya kuɗi, sai kuma mijinta ya sa hannu. Miji yana Legas. Wallahi a tsaye muka kwana a baranda, ni da uwarta, muna ta roƙo kamar masu bara. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba, amma jaririn bai zo da rai ba. Sai daga baya na ji ashe tun 2014 akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta hana asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda yake cikin halin gaggawa, ko da wane dalili ne. Har yau abin yana ci min rai. Ba likita muka rasa a daren nan ba, mun rasa mace guda da ta san dokar, wadda za ta buɗe baki ta faɗe ta.

Haka masu yoyon fitsari. Likita zai yi musu aiki a Babbar Ruga ta Katsina ko a asibitin Murtala a nan Kano, a ɗinke, su warke. To wadda mijinta ya tura gida da takardar saki saboda wari, wa zai tsaya mata a kotu kan haƙƙinta da na 'ya'yanta? Allura ba ta wannan aikin.

Ko dokar gwajin jini kafin aure da Kano ta kafa a 2024, ta sikila da ciwon hanta da ƙanjamau, ai irinta ba ta rubutuwa sai an haɗa wanda ya san cuta da wanda ya san shari'a. Ku masu samari, ku ma ta shafe ku, ehe.

Don haka ƙanwata, in kika yi shekara biyar kina karatun shari'a a jami'a, kika ƙara guda a makarantar lauyoyi (akwai reshenta a Bagauda), kina iya ɗorawa da karatun lafiyar al'umma. Ga ƙungiyoyi irin su FIDA ta lauyoyi mata, da WRAPA wadda Mai Shari'a Fati Lami Abubakar ta kafa a 1999, masu tsaya wa mata a kotu.

Ki sami Baba bayan ya ci abincin dare, ki durƙusa ki karanta masa wannan shafin. Ban da turo baki. Ki rubuto min yadda kuka yi, sai mun haɗu a fitowa ta gaba.