Ku daina cewa asiri aka yi wa Arthas

Jiya a ƙofar shagon Baba nan Sabo, Ibadan, wani abokina ya dage wai Yarima Arthas na wasan Warcraft III, wanda ya fito a 2002, ya cancanci a yafe masa. Wai takobin Frostmourne ne ya sace masa kurwa, shi ya sa ya kashe mahaifinsa, Sarki Terenas.

Haba malam! Ranar da ya karkashe mutanen Stratholme, ina takobin yake? To, a ce annoba ce ta tilasta shi. Northrend fa? Sarki ya ce rundunar ta dawo gida, sai ya ɗauki sojan haya suka ƙona jiragen ruwan, ya juyo ya ɗora musu laifi, ya sa aka kashe su. Duk kafin ya taɓa takobin. A kasuwa na tashi, na san irin mutumin da zai aike ka, sannan ya nuna wa ɗan sanda kai.

Kuma har ya mutu a Icecrown bai nemi gafarar kowa ba. To wa za mu yafe wa?