Wai Zamfarci harshen wawaye ne?

Kwanan baya na je Tsafe gaisuwa. Da dare muka zauna da yaran gidan ana kallon wani fim na barkwanci, ba sai na kama suna ba. Jarumin ɗan birni ne, ya sha shadda, sai zuba Kananci yake yi. Can sai ga yaron gidansa da yagaggiyar riga, an shafa masa baƙi a haƙori, ya wage baki: "Awo Alhaji, mi kaka so?" Yara suka fashe da dariya, alhali da wannan harshen suka gama yi wa uwarsu magana. Ɗayansu da ke karatu a Kano ya ce mani shi a makaranta ba ya bari "awo" ta kuɓuce masa, don kada a sa masa suna.

To, jama'ar Kannywood, ina da tambaya. Sau nawa kuka taɓa nuna likita ko alƙali ko amaryar fim tana magana da Zamfarci? Harshenmu ba ya fitowa sai a bakin maigadi, ko baƙauyen da ya ga firji ya gudu. Haka kuke yi wa Bafillace da Bagwari.

Na san amsarku: ai wasa ne, kuma Bahaushe ya gaji barkwanci. Gaskiya ne. Akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zazzagawa, da Gobirawa da Yarbawa. Amma wancan wasa ne na ba ni in ba ka, wanda aka tsokana yana nan zaune zai rama. A fim fa? Ku ke da kyamara, ku ke da kasuwa. Mutumin Bungudu ta ina zai rama?

Amurkawa sun riga ku shiga wannan rami. A fim ɗin Breakfast at Tiffany's na 1961, an ɗauko Bature, Mickey Rooney, aka sa masa haƙoran roba ya fito a matsayin mutumin Japan mai shirme. An sha dariya a lokacin, amma daga baya daraktan da kansa, Blake Edwards, ya ce da ya sani bai yi ba. Ku kwatanta da Blazing Saddles na Mel Brooks, 1974. Baƙar fata aka naɗa shugaban 'yan doka a garin Turawa zalla, kuma shi ne mai wayon, mutanen garin masu ƙyamarsa su ne abin dariya. Duk barkwanci ne, bambancin shi ne wa ake yi wa dariyar.

Harshen da kuke mayarwa na wawaye, da shi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru suka yi wa sarakuna waƙa, Kanawa na haddacewa. 'Yandoto ta ƙasar Tsafe cibiyar malamai ce tun kafin jihadi. Sannan sama da shekara goma ke nan ƙauyukanmu na fama da 'yan bindiga. Wanda ya gudo Gusau ko Kano da 'ya'yansa, ya buɗe baki neman taimako, bai kamata abin da zai fara zuwa ran mai sauraro ya zama wawan fim ba.

Ban ce a daina ba mu dariya ba, Allah ya jiƙan Ibro. Cewa na yi a raba rawar daidai: wata rana Bazamfare ya zama jarumi, ɗan birni ya sha kunya. Ku kuma 'yan fim na Gusau da ke murɗe harshe kuna kwaikwayon Kananci, ku ne kuka fi ba ni haushi. In ba ku ɗaukaka naku ba, wa zai yi maku?

Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Allah ya sa mu gane.